Tarko na Goma Sha Uku

Warin ne ya fara shigowa, sannan mutumin ya biyo baya.

Auta na zaune a ofishinta da ke hawa na biyu a laburaren jami'a, tana goge madannan kwamfuta da auduga, sai hancinta ya kamo wani abu kamar kifin da ya kwana uku a leda. Ta ɗago kai. Wani dogon saurayi ne a bakin ƙofa, rungume da kwali, takalminsa duk busasshen taɓo.

"Salamu alaikum. Nan ne ake ajiye bayanan bincike?"

"Wa alaikumus salam. Nan ne. Amma don Allah tsaya daga nan."

Kafin ta rufe baki ya dire kwalin a kan teburinta, teburin da take gogewa sau uku a rana.

Aikin Auta shi ne karɓar bayanan da masu bincike suka tattara. Kafin a ba mutum babban digiri sai ya kawo mata su, ta tsara, ta sa a rumbun laburare na intanet, yadda ko bayan shekara ashirin wani zai buɗe ya gane. A shekara huɗu ta ga ƙazanta iri-iri. An taɓa kawo mata filas, ɗan abin nan na ajiye bayanan kwamfuta, da aka ciro daga cikin safa. Ga ta kuma da ƙyanƙyami tun tana ƙarama, har a gida ba mai shan ruwa da kofinta.

Ta sa bakin biro ta ɗaga murfin littafin da ke saman kwalin. A tsakanin shafi biyu ga mataccen ƙuda a danne, fukafukansa a buɗe, yadda wasu ke ajiye fure.

"Mene ne wannan?"

"Wannan na bayan mahauta ne," ya ce yana murmushi, kamar an tambaye shi lafiyar ɗansa. "Ƙudaje nake ƙirgawa, Malama. Tarko goma sha biyu na kafa a gari, juji, bakin kwata, kasuwar kifi, bayan ɗakin cin abincin ɗalibai. Kullum da safe ina zagayawa. Shekara biyu ke nan. Idan muka san inda suke haihuwa, mun san inda gudawar yara ke fitowa."

Ta jawo safar hannu ta roba ta sa, sannan ta karɓi filas ɗinsa da yatsu biyu.

Abin da ta gani a kwamfuta ya fi ƙudan muni. Fayil bakwai ne. Na farko sunansa "na ƙarshe". Na biyu "na ƙarshe na gaskiya". Na shida "na ƙarshe wallahi". Na bakwai kuwa "kada a taɓa".

"Wanne ne na ƙarshen?"

Ya sunkuyo ya duba, ita kuma ta ja kujera baya.

"Ina jin na huɗu ne."

"Kana ji. To wannan 999 ɗin da ke nan da can, ƙuda ɗari tara da casa'in da tara ka kama?"

"A'a. Wannan ranar da ban samu duba tarkon ba ce. Ko akuya ta ture shi, ko ruwa ya tafi da shi."

"A ina ka rubuta hakan?"

Ya nuna kansa da yatsa.

"Ranar da kan ya yi ciwo fa? Wata rana wani zai ɗauki wannan ya ce ƙuda ne. Zauna can, can nesa, ka rubuta mini takardar bayani. Kowace lamba, kowane wuri, ka faɗi ma'anarsa. Ka sa mata suna KARANTA NI TUKUNA."

Da ya tafi ta buɗe taga, ta wanke teburin da sabulu, ta wanke hannu har gwiwar hannu. Ta ajiye lambarsa a waya da sunan Mai Ƙuda.

Aikin da ta ce mako ɗaya zai ɗauka ya cinye wata guda. Ta sa shi ya ɗauki hoton kowane shafi na littattafansa, ta sa ya haɗe fayil bakwai ya koma ɗaya. Shi kuma ya fara zuwa da wankakken takalmi, yana tsayawa a famfon ƙasa ya wanke hannu sau biyu kafin ya hau bene. Ta lura. Ta lura kuma da cewa bai taɓa gyara lamba don ta yi kyau ba. Ranar da ya kama ƙuda biyu, biyu ya rubuta, ko da kuwa jiya ɗari uku ne. A ofishin nan ta ga manyan mutane da ba su iya hakan ba.

Wata Litinin ya shigo da wani abu kamar fitila mai raga.

"Malama, bincikena yana da giɓi. Duk wurarena masu ƙazanta ne. Ina buƙatar wuri ɗaya mai tsafta da zan gwada su da shi, kuma na zagaye garin nan ban ga inda ya kai ofishinki ba."

"Tarkon ƙuda a ofishina? Ka rasa hankalinka ne?"

"A bakin taga, ta waje. Minti biyu kullum da safe, in leƙa in tafi."

Ta san dabara ce, shi ma ya san ta sani. Ta ce ta waje, kuma idan ta ji wari ko sau ɗaya za ta wurgo shi ƙasa. Haka tarko na goma sha uku ya samu wurin zama. Tagar daga ciki kawai ake buɗe ta, don haka duk Asabar da Lahadi, da ofishin ke kulle, sai ya rubuta 999.

Minti biyun ya koma goma, goma ya koma ashirin. Ranar Lahadi da hantsi saƙo ya shigo mata.

"Gimbiyar Tsafta, yau ma 999. Ba na son wannan lambar."

Ta karanta ta amsa.

"Mai Ƙuda, ka wanke hannu kafin ka rubuto mini?"

"Sau biyu. Da sabulun da kika ce."

"To gobe kada ka makara."

Da tarkon ya yi wata huɗu a wurin aka kammala. Ta sa bayanansa a rumbu tare da takardar bayanin, ta kulle su na shekara ɗaya har ya wallafa aikinsa, kamar yadda ƙa'ida ta ba shi dama. A ranar ne ya ce yana son zuwa gidansu gaida su Abba.

Umma ta tarbe shi da fara'a har zuwa lokacin da ta tambayi sana'arsa. Da ya tafi ta sa aka wanke kofin da ya sha ruwa da tafasasshen ruwa.

"Auta, ke da ba kya cin abinci idan ƙuda ya gifta, ke ce za ki kawo mana mai kiwon su? Da hannun da yake tona juji zai riƙa miƙo miki abu? Ga Dakta nan, ɗan mutunci, kullum fes da shi."

Dakta malami ne a sashen su Mai Ƙuda, kuma ya daɗe yana zarya a gidan. Farar riga, farar mota, turaren da kan riga shi shiga ɗaki ya kuma kwana bayan ya fita. Auta ba ta taɓa iya cewa ga laifinsa ba, ita dai idan ya zauna sai ta ji tana son buɗe taga. Ya taɓa hawowa ofishinta ya ce ta ɗan buɗe masa bayanan yaron nan ya duba, ai duk gida ne. Ta ce a kulle suke, kuma mai su ne kaɗai zai ba da izini. Ya yi dariya ya ce ta cika tsanani.

Abba, wanda ya yi shekara talatin yana shugabantar makaranta, bai damu da ƙuda ba. Ya ce sana'a sana'a ce, a bar shi ya bincika halin yaron.

Binciken bai yi nisa ba abin ya fashe. Wata mujallar kimiyya ta fito da maƙala a kan ƙudajen gari, wurare goma sha uku, da sunan Dakta shi kaɗai. Mako biyu bayan nan Mai Ƙuda ya miƙa kundin digirinsa, aka ga lambobi iri ɗaya. Dakta ya rubuta wa jami'a cewa shi ya tattara bayanan, yaron ya kwashe daga kwamfutarsa ya ruga laburare ya ajiye da sunansa. Aka kafa kwamiti. Idan ta tabbata, kora ce, kuma ba wata jami'a da za ta sake karɓarsa.

Dakta da kansa ya kawo wa Abba labarin, yana girgiza kai cike da tausayi.

"Zan iya ba da 'yata ga mai ƙirga ƙuda," in ji Abba da yamma. "Ba zan ba ɓarawon aikin wani ba. Na kori yara a kan abin da bai kai wannan ba. Maganar ta mutu, Auta."

Ba wannan ne ya fi ƙona mata rai ba. Saƙon da ya shigo washegari ne daga Mai Ƙuda.

"Shekara biyu bayanaina suna cikin kwali ba wanda ya taɓa su. Ke kika ce in tsara, in ajiye, in raba. Ke kaɗai ke da mabuɗin. Na ga motarsa a ƙofar gidanku. Ban ce komai ba, tambaya kawai nake."

Ta karanta sau uku. Ta ji kamar an watsa mata ruwan kwata a fuska. Ta rubuta amsa mai tsawo ta goge, sannan ta aika da gajeruwa.

"Tunda har ka iya tambaya, kada ka sake hawowa benen nan."

Bai hawo ba. Tarkon ya zauna a bakin taga ba mai leƙa shi. Kwana biyar tana zuwa aiki da fushi, tana goge teburin da ba wanda ya ɓata. Ta duba rajistar rumbu ta ga ba wanda ya buɗe fayil ɗin tun ranar da ta kulle shi. Wannan ya wanke ta ita, amma bai wanke shi ba, don ranar ajiya ba ta nuna wanda ya yi aikin.

A rana ta shida ta buga maƙalar Dakta a takarda. Sai da ta sa safar hannu kafin ta ɗauka, ita kanta ba ta san dalili ba. Karanta shirmen mutane har ƙarshe ai aikinta ne. Ta bi shafi ɗaya, biyu, tana yatsine fuska. A shafi na tara ta tsaya, ta koma farkon sakin layin.

Dakta ya rubuta cewa wuri na goma sha uku ya fi ko'ina ƙazanta a garin. A ranakun aiki ƙuda ɗaya ne ko babu, amma duk Asabar da Lahadi sai su tashi zuwa kusan dubu. Ya bayyana cewa wurin wata mahauta ce da ake yanka a ƙarshen mako, har ya ba da shawarar a rufe ta.

Auta ta juya ta kalli tagarta. Ta yi wata dariya marar daɗi, irin wadda mutum kan yi idan ya ɗaga kyakkyawan kafet ya ga abin da ke ƙasa. Jadawalin lambobin kawai Dakta ya samu, bai samu takardar bayani ba. Mahauta. Ofishinta ne mahautar.

Ranar zaman kwamiti ta nemi izinin shiga a matsayin ma'aikaciyar rumbu. Mutum biyar ne a kan dogon tebur, shugabar wata farfesa ce mai tabarau. Dakta na gefe cikin farar riga, turarensa ya cika ɗakin. Mai Ƙuda na ɗaya gefen, ya rame, ga kwalinsa a ƙasa. Da ya gan ta ya sunkuyar da kai.

"Tambaya ɗaya ce da ni, ranki ya daɗe," in ji Auta. "Dakta, kai ka kafa tarko na goma sha uku?"

"Da hannuna."

"A ina?"

"Yana cikin maƙalar, ƙanwata. Wata ƙaramar mahauta ce a bayan gari."

"Ka je da kanka ranar Asabar ka ƙirga ƙuda ɗari tara da casa'in da tara?"

"Haka ne."

"Lahadi ma ɗari tara da casa'in da tara? Mako goma sha bakwai, ba ƙari ba ragi? Waɗannan ƙudajen sun fi ma'aikata zuwa a kan lokaci."

Wani daga cikin 'yan kwamitin ya yi tari don ya ɓoye dariya. Mai Ƙuda ya ɗago kai a hankali, bakinsa a buɗe. Tun da maƙalar ta fito shafi biyu kawai ya iya karantawa ya rufe, bai kai shafi na tara ba.

Auta ta miƙa wa shugabar takardar bayanin, mai ɗauke da ranar da rumbu ya karɓe ta. Farfesa ta gyara tabarau ta karanta a bayyane.

"Wuri na goma sha uku, bakin tagar ofishin bayanai, hawa na biyu, laburare. 999, ranar da ba a duba tarko ba." Ta tsaya. "Akwai ƙari a nan. A wuri na goma sha uku, 999 na nufin ranar da ban gan ta ba." Ta leƙo ta saman tabarau. "Wace ce ba a gani ba?"

Auta ta ji kunya kamar ƙasa ta tsage. Ita da ta duba takardar sau biyu, ashe ya ƙara wannan layin a minti na ƙarshe.

"Ni ce, ranki ya daɗe."

Ta ajiye rajistar zuwa aiki ta laburare. Ban da ƙarshen mako, akwai wata Laraba da Alhamis da aka rubuta 999 a jadawalin, kwana biyun da ta yi zazzaɓi ba ta zo aiki ba. Sai dukansu suka tashi, suka tsallaka harabar, suka hau bene. Ta buɗe tagar. Tarkon na nan, ƙura ta rufe shi, da busasshen ƙuda guda ɗaya a ciki.

"Dakta," in ji Farfesa, "wannan ce mahautar da ka ce a rufe?"

Gumi ya karyo masa, ya gauraye da turaren, warin da ya fito Auta ba ta taɓa jin irinsa ba ko a kwalin Mai Ƙuda. Kafin la'asar ya amsa cewa a kwamfutar ofishin sashe ya tsinci jadawalin, inda yaron ya taɓa zuwa buga takarda ya manta bai goge ba.

Da kowa ya watse, Mai Ƙuda ya tsaya a bakin ƙofa, daidai inda ta ce ya tsaya ranar farko.

"Gimbiya, ban san da wane baki zan fara ba."

"Ka fara da wanda ka tambaye ni da shi."

"Na yi kuskure. Tsoro ne ya rufe mini ido, na jefe ki da abin da ya fi duk abin da na taɓa tonowa ƙazanta. Ki yafe mini."

Ta bar shi a tsaye ta gama goge teburin tsaf.

"Na yafe. Amma ka sani, ƙudanka ban taɓa jin ƙyamarsu kamar saƙon nan ba. Kuma wa ya ce ka sa soyayya a takardar hukuma?"

"Ke kika ce in faɗi ma'anar kowace lamba."

Ta juya baya don kada ya ga murmushinta.

Abba ya karanta wasiƙar kwamiti sau biyu, ya ninke, ya ce a kira masa yaron. Da ya zo ya ce masa, "Na yanke maka hukunci ban ji ta bakinka ba, abin da na hana malamaina yi shekara talatin. Ka yi haƙuri, ɗana. Ka turo manyanka."

Umma ta fi wuya. Ta yi kwana biyu tana cewa ita fa har yanzu tsigar jikinta na tashi. Amma da kanta ta fitar da kujerar da Dakta ya saba zama ta shanya a rana wuni guda. Daga ƙarshe ta kafa sharaɗi: takalmin aiki ba zai wuce ƙofar gida ba, kuma ko ƙuda ɗaya ta gani a ɗakin 'yarta, a raye ko a mace, za ta zo ta ɗauke ta. Ya ce ya ji ya amince. Ranar ta zuba masa ruwa a kofin gidan, kuma ba ta sa a tafasa shi ba.

An janye maƙalar Dakta. Mai Ƙuda ya samu digirinsa, kuma ya ce a buɗe bayanan tun kafin shekara ta cika, duk mai so ya ɗauka, da sharaɗin ya karanta takardar tukuna. Wasu ma'aikatan lafiya suka ɗauka, suka fara da kwatar da ke bayan wata makarantar yara.

Aka ɗaura aure wata Asabar da safe. Auta na zaune cikin 'yan uwanta, yayyenta na tsokanarta wai amaryar ƙuda, sai wayarta ta yi ƙara.

"Matata, yau Asabar. Me zan rubuta?"

Idonta ya ciko. Ta goge hannu da tawul, bisa sabo, ta amsa.

"Ka rubuta abin da ka gani, mijina. An daina 999."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya tsare su daga ƙazantar da hanci ke ji da wadda ke yawo cikin farar riga. Tarkon kuwa Auta ta wanke shi da sabulu sau uku, ta mayar da shi bakin taga, kuma har yau ba ta bari kowa ya taɓa shi.